RAUNUKAN DA KE HALAKA JAMA'A A NIJERIYA: YADDA SUKE AUKUWA DA ABIN DA KE JAWO SU

Jawabi domin karantawa a tarurrukan wayar da kan jama'a, a makarantu, da tashoshin mota, da zaurukan dagatai da masu unguwanni



In aka tayar da maganar abubuwan da ke kashe mutane a ƙasar nan, abin da kan fara faɗo wa kowa a rai shi ne cuta, watau irin su zazzaɓin cizon sauro, da amai da gudawa, da sanƙarau, da tarin fuka. Wannan kuwa daidai ne, gama cututtukan nan sun daɗe suna yi wa jama'a ɓarna. Amma akwai wata hanyar mutuwa wadda ba ta da ƙwayar cuta, ba a kuwa yi mata allurar rigakafi, ita ce mutuwa ta sanadin rauni. Mutum yakan tashi da safe lafiya lau, ya karya kumallo, ya fita neman abinci, kafin azahar sai a shigo da gawarsa. Abin da likitoci ke nufi da rauni shi ne duk wata illar da ta afka wa jiki farat ɗaya daga waje, ko ta hanyar karo, ko faɗuwa, ko wuta, ko nutsewa a ruwa, ko makami.

Manufar wannan jawabi ita ce a bayyana yawan rayukan da ke salwanta ta wannan hanya, da irin mutanen da abin ya fi shafa, da dalilan da ke jawo shi, sa'an nan da abin da ya wajaba a kan hukuma da kuma kowane ɗan ƙasa.

GIRMAN AL'AMARIN

Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, rauni yana kashe mutum wajen miliyan 4 da dubu 400 a duniya kowace shekara, watau kusan kashi 8 cikin 100 na dukan mace-mace. Kusan sulusin waɗannan a kan hanya suke mutuwa. A shekarar 2021 kaɗai haɗarin hanya ya ci rayuka miliyan 1 da dubu 190, nahiyar Afirka kuwa ita ce kan gaba in aka auna da yawan jama'a, da mutum 19 cikin kowane 100,000, ko da yake motocinta ba su taka kara sun karya ba in aka gwada da na Turai da Amurka.

A nan gida, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta lissafa haɗurra 10,617 a shekarar 2023, inda mutum 5,081 suka rasu. A 2024 yawan haɗurran ya sauko zuwa 9,570, amma waɗanda suka rasu sun ƙaru zuwa 5,421. Ma'ana, a kowace rana ta Allah ana rasa kimanin mutum 15.  Sa'ad da jirgin saman Dana ya faɗi a Ikko ran 3 ga Yuni 2012, ya halaka dukan mutum 153 da ke cikinsa, ƙasa duka ta yi makoki. Hanyoyin mota suna cinye adadin nan cikin kwana goma, shiru, ba tare da an sauko da tuta ba.

Waɗannan ma lissafin haɗurran da jami'ai suka halarta ne kawai. A shekarar 2016, lokacin da littafin hukuma ya nuna mutum 5,053, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa waɗanda suka mutu a hanyoyin Nijeriya sun kusa 40,000. Dalilin wannan tazara a fili yake. Wanda babur ya kayar a hanyar ƙauye, aka yi masa sutura a ranar, ba ya shiga littafin kowa. Haka nan wanda ya yi mako guda a asibiti kafin ya cika, ko wanda aka mayar gida ya ƙarasa can. Tun 1992 doka ta wajabta yin rajistar mutuwa a wurin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma kaɗan ne ke yi. Wannan rajista kuwa da ita ce hukuma za ta san kwanar da ke bukatar gyara, da garin da ke bukatar motar asibiti.

SU WA ABIN YA FI SHAFA

Rauni ba ya faɗa wa jama'a daidai wa daida. Cuta takan fi kama jarirai da tsofaffi, shi kuwa rauni majiya ƙarfi yake ɗauka. A duniya baki ɗaya, haɗarin hanya shi ne babban abin da ke kashe masu shekara 5 zuwa 29, maza kuwa sun ninka mata wajen sau uku. Su ne direbobi da yaran mota, da 'yan acaɓa, da leburorin gini, da masunta, da fatake masu bin kasuwannin mako. Ran da aka rasa irin wannan mutum, an rasa mai ciyar da gida. Matarsa ta shiga takaba, 'ya'yansa su bar makaranta, iyayensa tsofaffi su koma hannun dangi.

Yara ƙanana sun fi mutuwa ta nutsewa a rijiya ko kududdufi, da ƙunar ruwan zafi, da bugun mota wajen talla ko tsallaka titi. Mata sun fi gamuwa da wutar madafa da kifewar kwalekwale ranar kasuwa ko ranar biki. Tsofaffi kuwa faɗuwa ce babbar abokiyar gabarsu, gama karayar ƙugu takan kwantar da tsoho kwanciyar da ba ya tashi.

Kowane lokaci na shekara kuma da irin nasa. Da damina koguna sukan cika, katangun ƙasa su jiƙe su faɗa wa masu barci, macizai su yawaita a gonaki. Da hunturu gobara takan yi yawa saboda bushewar kome da jin ɗumi a ɗaki, hazo kuma ya rufe wa direba hanya. Watanni huɗu na ƙarshen shekara, da kwanakin Salla da Kirsimeti, su ne lokacin da hanyoyi suka fi cunkoso, direbobin haya kuma suka fi kwaɗayin yin sawu biyu a maimakon ɗaya.

HAƊARIN HANYA

Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. A shekarun da suka biyo baya arzikin man fetur ya cika ƙasa da motoci, aka shimfiɗa manyan hanyoyi kamar ta Ikko zuwa Badun da aka buɗe a 1978, sai haɗurra suka yi ta hauhawa. Wannan ne ya sa Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a watan Fabrairu 1988, da dokar soja mai lamba 45 ta wannan shekara, aka naɗa Farfesa Wole Soyinka shugabanta na farko.

Rahotannin hukumar shekara da shekaru suna nuna abu guda, cewa gudu fiye da ƙima shi ne kan gaba cikin dalilan haɗari. Ya kamata kowa ya fahimci abin da ya sa haka. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin mita 28 cikin sakan ɗaya. In direba ya sunkuya ya dubi wayarsa na sakan uku, ya yi tafiyar da ta kusa tsawon filin ƙwallon ƙafa ido rufe. Bayan haka, in aka ninka gudu sau biyu, nisan da mota ke bukata kafin birki ya tsayar da ita yakan ninku sau huɗu, ƙarfin karon ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mai tafiya a ƙasa da mota ta buge tana gudun kilomita 65 ya fi wanda ta buge tana gudun 50 kusantar mutuwa sau huɗu da rabi. Saboda haka ne doka ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi, ta kuma tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu tun daga Fabrairu 2017.

Bayan gudu sai gajiya da ƙwaya. Direban da ya taso daga Fatakwal ko Anaca ya nufi Kano, ya kwana yana tuƙi, yakan nemi abin da zai hana shi barci, ko taramadol ko wani haɗi. Ƙwaya tana buɗe ido, amma ba ta mayar wa ƙwaƙwalwa da kaifinta, sai mutum ya riƙa ganin tazarar da babu ita, ya fita wuce wata mota a kan kwana ko a kan tudu. Giya ma haka take yi.

Sai kuma lafiyar motar kanta. Tayar gwanjo wadda ta gama aikinta a wata ƙasa takan fashe in kwalta ta yi zafi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, ya kamata mai saye ya duba. Lodi fiye da ƙima yana kashe birki, yana kuma sa mota ta yi saurin kifewa. Mafi muni shi ne ɗora mutane a kan buhunan hatsi ko a saman tirelar shanu, al'adar da ta zama ruwan dare tsakanin Arewa da Kudu saboda arahar kuɗin mota. Ran da irin wannan tirela ta faɗi, kayan da aka zauna a kai su ne ke danne mutane, a rasa talatin ko arba'in a wuri guda.

Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa a hanyoyin duniya ba a cikin mota suke ba. Masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur. Mai babur ba shi da ƙarfen da zai kare shi, kansa ne ke fara isa kwalta. Hular kwano mai kyau, in an ɗaure ta daidai, tana rage raunin ƙwaƙwalwa da wajen kashi 70 cikin 100. An fara tilasta sa ta ran 1 ga Janairu 2009, kamar yadda aka fara tilasta ɗaura bel a mota ran 1 ga Janairu 2003. Bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi, domin yana hana a wurgo shi waje ko ya daki gilashi.

Hanyar ma tana da nata alhaki. Ramuka, da kwanar da ba alama, da kasuwar da ta ci rabin titi, da babbar motar da ta lalace aka bar ta cikin duhu da 'yan ganyaye a bayanta, duk tarkuna ne. Gyaran waɗannan yana wuyan gwamnatocin Tarayya da na jihohi da ƙananan hukumomi.

WUTA DA MAN FETUR

A watan Oktoba 1998 bututun mai ya fashe a Jesse ta Jihar Delta, jama'a suka taru suna ɗiba, wuta ta tashi ta halaka fiye da mutum 1,000. Bayan shekara 26, ran 15 ga Oktoba 2024, tankar mai ta faɗi da dare a Majiya ta Jihar Jigawa, mutane suka fito da bokitai da jarkoki, fiye da 150 suka ƙone. Wata uku bayan haka, ran 18 ga Janairu 2025, aka sake yin irinsa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, inda fiye da mutum 80 suka rasu. A dukan wuraren nan, yawancin mamatan ba faɗuwar tanka ko fashewar bututu ce ta kashe su ba, da ƙafarsu suka zo wurin daga baya.

Ba a musun cewa tsadar rayuwa ce ke tura mutane ga wannan kasada. Amma ya kamata a san halin fetur. Abin da ke kamawa da wuta shi ne tururinsa, wanda ya fi iska nauyi, yana kuwa malala a ƙasa ya bi lambatu ya yi nisa ba a ganinsa. Tartsatsi ɗaya ya isa, ko na bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta, ko na salansar babur, ko na janareta, ko guntun taba. In ya kama, cikin ƙiftawar ido wuta ta kewaye duk wanda ke tsaye a wurin, wanda tufafinsa suka jiƙe da mai kuwa ba shi da wurin gudu. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk inda tanka ta faɗi, abin yi shi ne a nisanta ƙwarai, a kashe duk wata wuta, a kira 'yan kwana-kwana.

A cikin gida, wuta takan tashi daga kananzir ɗin da aka gauraya da fetur, da zuba mai a fitila ko risho suna ci, da tukunyar gas mai yoyo, da ajiye jarkar fetur a ɗakin kwana, da wayar lantarkin da aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinta. Ƙarafan da ake sa wa tagogi domin ɓarayi su ne kan hana mutanen gida fita ran gobara, don haka a bar taga ɗaya mai buɗuwa. Hayaƙin janareta da na gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe iyali duka cikin barci, ba wari ba ƙara.

RUWA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa mutum 300,000 suka nutse a duniya a 2021. A Nijeriya, kogin Kwara da na Binuwai da rassansu su ne hanyar kasuwa da ta gona ga dubban garuruwa. A watan Mayu 2021 wani jirgin katako ya tsage a kusa da Warra ta Jihar Kebbi, mutane masu ɗimbin yawa suka halaka. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekara kwalekwale ya kife a Ɓagwai ta Jihar Kano, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. A watan Yuni 2023 fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki cikin dare suka nutse a yankin Patigi ta Jihar Kwara.

Dalilan kusan iri ɗaya ne ko'ina: tsohon jirgi, da lodin mutane haɗe da babura da buhuna, da tafiyar dare inda matuƙi ba ya ganin kututturen da ke cikin ruwa, da rashin rigar kariya. Ƙa'idodin Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, mai hedkwata a Lakwaja, sun hana tafiyar dare, sun kuma wajabta wa kowane fasinja sa rigar kariya. Iya iyo ba ya wadatarwa, gama in jirgi ya kife, wanda bai iya ba yakan riƙe wanda ya iya su nutse tare.

Ambaliya ma tana da nata kaso. Ta 2022 ta ci fiye da rayuka 600, wadda ta afka wa Mokwa ran 29 ga Mayu 2025 kuwa ta kashe fiye da 150. Gini a kan hanyar ruwa da toshe magudanai da shara suna ƙara mata ƙarfi. A gida kuma, rijiya marar murfi da kududdufin bayan gari sun ishi yaro. Jariri mai rarrafe yana iya nutsewa a cikin bokitin wanki.

RUSHEWAR GINI, TURMUTSITSI DA SARAN MACIJI

Ran 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ya rushe, ya kashe fiye da mutum 40. Ran 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta a Jos ya rufta, aka rasa rayuka 22, yawancinsu ɗalibai. Rage siminti da rodi, da ƙara hawa a kan harsashin da ba a yi shi domin haka ba, da gini ba tare da injiniya ko izinin hukuma ba, su ne tushen irin wannan masifa. Leburori kuma sukan faɗo daga kan gini, masu hawan kwakwar manja da giginya su faɗo daga bisa, ramin haƙar ma'adinai ya rufta da masu haƙa.

Firgita da cunkoso su kaɗai suna kisa. Sa'ad da rumbun makamai ya yi ta fashewa a barikin Ikeja ran 27 ga Janairu 2002, fiye da mutum 1,000 suka mutu, yawancinsu kuwa a magudanar ruwa ta Oke-Afa suka nutse wajen gudu. A Disamba 2024 an yi turmutsitsi wajen rabon abinci a Badun, da Okija, da Abuja, na Badun kaɗai ya ci yara 35. Duk mai niyyar rabon sadaka ga taro mai yawa, wajibi ne ya shirya ƙofofi da layuka, ya kuma sanar da 'yan sanda tun da wuri.

Manoma da makiyaya kuwa suna fama da saran maciji, musamman kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya shahara wajen maganin wannan. Tsaga wurin sara, ko tsotsa, ko ɗaure shi tamau, ba sa fitar da dafi. Allurar kashe dafi ce ke ceto, in an isa da wuri.

MAKAMI DA TASHIN HANKALI

Akwai raunin da mutum ke yi wa ɗan'uwansa da gangan. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009, da ta'asar 'yan bindiga a Arewa maso Yamma, da faɗan manoma da makiyaya a Binuwai da Filato da wasu jihohi, da fashi, da faɗan ƙungiyoyin asiri da na 'yan daba a birane, duk sun cika asibitoci da masu raunin harsashi da na sara. Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin Arewa maso Gabas ya kashe wajen mutum 35,000 kai tsaye, amma in aka haɗa da waɗanda yunwa da cuta suka kashe saboda rushewar gonaki da asibitoci, adadin ya kusa 350,000. Ɗaukar doka a hannu, kamar taron dangi a kan wanda ake zargi da sata, kisan kai ne a gaban shari'a. Wanda kuma damuwa ta yi wa yawa har yana ambaton halaka kansa, mai ciwo ne da ke bukatar likita da kulawar dangi, ba gori ba.

YADDA RAUNI KE KAI GA MUTUWA

A 1983 wani likitan fiɗa na Amurka, Donald Trunkey, ya bayyana cewa masu rauni suna mutuwa ne a lokuta uku. Na farko nan take, saboda mummunan rauni a ƙwaƙwalwa ko zuciya ko manyan jijiyoyin jini. Waɗannan ba abin da zai cece su sai hana haɗarin aukuwa. Na biyu cikin sa'o'in farko, saboda zubar jini ko toshewar numfashi. Na uku bayan kwanaki ko makonni, saboda ruɓewar rauni, ko ciwon sarƙewar haƙora, ko gazawar ƙoda da huhu.

Kashi na biyu shi ne inda ake asarar rayukan da za a iya ceta. Jinin babban mutum bai wuce lita biyar ba, in ya rasa biyu yana bakin mutuwa, karayar cinya ɗaya kuwa tana iya zubar da fiye da lita guda a cikin nama ba a gani. Wani binciken da aka buga a 1998 ya gwada masu mummunan rauni a birane uku, ya tarar kashi 63 cikin 100 sun mutu a Kumasi ta Gana, 55 a Monterrey ta Meziko, 35 a Seattle ta Amurka, yawancin bambancin kuwa tun kafin a isa asibiti ne. A Nijeriya ma mai rauni yakan isa asibiti ne a bayan a-kori-kura ko a kan babur, bayan an ɓata lokaci ana kallo, wasu ma suna ɗaukar hoto da waya.

Tsoron 'yan sanda da na kuɗin asibiti ya daɗe yana hana mutane taimako, saboda haka ya kamata kowa ya san abin da doka ta ce. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin duba mai bukatar taimakon gaggawa, wanda ya saɓa kuwa ana iya cinsa tarar Naira 100,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyu. Dokar 2017 kan masu raunin harsashi ta wajabta wa asibitin gwamnati da na kuɗi su karɓe su ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba, ta kuma hana a wulaƙanta wanda ya kawo su. Akwai asibitocin ƙashi na Tarayya a Dala ta Kano, da Igbobi ta Ikko, da Inugu, da kuma cibiyar kula da masu rauni a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja.

Maɗora na gargajiya suna da daraja a wurin jama'a, amma karayar da ƙashi ya huda fata, ko wadda ta shafi kai, ko wuya, ko gadon baya, ta asibiti ce. Ɗorin da aka ɗaure tamau yana tsayar da jini, hannu ko ƙafa su ruɓe, yara da yawa sun rasa gaɓa ta haka.

ABIN DA YA WAJABA A KAN KOWA

1. Direba ya kiyaye iyakar gudu, ya huta in ya gaji, ya nisanci ƙwaya da giya da waya. Fasinja yana da ikon tsawata wa direba, ko ya sauka.

2. Mai babur da wanda ya goya su sa hular kwano. Na gaba da na baya a mota su ɗaura bel.

3. Kada a shiga jirgin ruwan da ya cika, ko bayan faɗuwar rana, ko ba rigar kariya.

4. A rufe rijiyoyi, a raba yara da madafa, a fitar da fetur da janareta daga ɗaki.

5. In an tarar da haɗari, a kira 122 ko 112, duka kyauta ne. A danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta, a riƙe da ƙarfi. Kada a cire abin da ya soki jiki. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa. A kwantar da shi ta gefe, kai da wuya a miƙe, a ɗauke shi a kan allo ko ƙyaure.

6. Ƙuna a zuba mata ruwa mai tsabta na wajen minti 20. Kada a shafa ƙwai, ko manja, ko man goge haƙori.

7. Masu lafiya su riƙa ba da jini, a kuma yi rajistar kowace mutuwa.

Sau da yawa in an yi rashi akan ce kwana ne ya ƙare. Musulmi da Kirista duka sun yarda rai a hannun Allah yake, amma babu addinin da ya yarda mutum ya jefa kansa ko waninsa cikin halaka, sa'an nan ya jingina sakacinsa ga ƙaddara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mace-macen hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da wannan buri ya hau kansu. Ana roƙon sarakuna, da limamai, da fastoci, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na masu jiragen ruwa, da malaman makaranta, su isar da wannan bayani ga waɗanda ke ƙarƙashinsu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba ƙasa lafiya da zaman lafiya.